Ai Yana Gida, Wace Wahala Yake Sha?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu, kuma mun gaji da jin ta. Idan aka ce yaron wane ya rame, ba ya barci, ya daina shiga mutane, sai wani ya kada baki ya ce: "Ai yana gida, wace wahala yake sha? Ba danna kwamfuta ba ne kawai?" Mu dai a wurinmu wannan magana zalunci ce, kuma ita ce ke ba masu ci da gumin 'ya'yanmu damar yin barcinsu da minshari.

Tun daga kullen korona na 2020 aikin intanet daga gida ya shigo unguwanninmu da ƙarfinsa. Daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, da wuya ka bi layi biyu ba ka samu saurayi ko budurwa ko matar aure da ke neman abinci ta kwamfuta ko waya ba. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu masu rubuta manhaja da ake biya dala mai kauri. Mafi yawa ƙananan ayyuka suke yi: fassara daga Turanci zuwa Hausa, sauraron murya a mayar da ita rubutu, amsa ƙorafin kwastomomi, yi wa hotuna da jimloli alama domin koyar da na'urorin ƙirƙirarriyar basira, ko kula da shafin wani ɗan kasuwa. Sana'a ce ta halal, kuma ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Ba mu zo mu kushe ta ba. Abin da muka zo faɗa shi ne, tana da ciwon da take sa wa mai yin ta, ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kuma an haɗu an yi masa shiru.

Mu fara da lokaci. Wanda yake yi wa kamfanin New York aiki, ƙarfe tara na safensu ita ce ƙarfe biyu ko uku na ranarmu, su tashi mu muna ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare. Idan kamfanin a California yake, aikin zai fara ne da la'asar sakaliya, ya ƙare ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. To wannan yaro yaushe zai yi barci? Da asuba gida ya tashi, yara na shirin makaranta, maƙwabci ya kunna rediyo, mai shago ya tayar da janareta. Ɗaki ɗaya ne, nan ne ofis, nan ne makwanci, nan ne wurin cin abinci. Mai zuwa ofis komai wahalar cunkoson Legas yana da lokacin da zai ce na tashi. Wannan kuwa ofishinsa na ƙarƙashin matashinsa, da zarar waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi.

Ba mu muka ƙirƙiro illar wannan ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Ku zauna ku lissafa wa 'ya'yanku awoyin da suke yi a gaban allo daga Litinin zuwa Lahadi. Da yawansu sun wuce 55 tun ranar Juma'a. Tun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa akwai wata irin gajiya da aiki ke haifarwa, wadda barci ba ya maganinta: mutum ya wayi gari ba ƙarfi, ya tsani aikin da yake so a da, ya ga komai ya yi ba ya kyau. A gidajenmu sunanta lalaci.

Sannan a duba wanda ke ɗaukar nauyin ofis ɗin. A da kamfani ke biyan haya, ya biya wuta, ya sayi kujera. Yanzu duk an sauke wa ma'aikaci. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da janareta ya koma ci. A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin A ya haura naira 200 kan kowane yunit. A farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari, data ta yi tashin gwauron zabi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar taro, ko sabis ya yanke, ba wanda zai ce Allah sarki. Wasu kamfanonin ma suna sa manhajar da ke ƙirga motsin hannunka, tana ɗaukar hoton allonka lokaci zuwa lokaci. Ka tashi yin alwala, ta rubuta ba ka aiki. Mutumin da ke rayuwa a ƙarƙashin irin wannan ido kullum, ga fargabar wuta, ga fargabar data, in ka ce masa "kana gida kana hutawa" ai ka ƙara masa gishiri a miki.

Amma babban abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kaɗaici da rashin madafa. Ɗan dako a Mile 12 yana shan wahala, ba mai musu. Sai dai kasuwa tana tashi. Yana da shugaba, yana da abokan da za su zauna a ci abinci a yi raha, in aka hana shi kuɗinsa akwai inda zai kai ƙara, in ta yi tsami har gaban Sarkin Hausawa za a je. Mai aikin intanet wa zai kai wa ƙara? Sau da yawa bai taɓa ganin fuskar wanda yake yi wa aiki ba. A watan Maris na 2024 dandalin Remotasks, wanda matasa da dama ke samun aikin koyar da na'ura a kansa, ya rufe ƙofarsa ga ma'aikatan Najeriya da Kenya da Pakistan kwatsam. Mutane suka kwana da aiki suka tashi babu. Babu sallama, babu wanda za ka riƙe wa riga. Wanda ya ga haka ta faru ga abokinsa, ta yaya zai iya cewa shugabansa "yau ba ni da lafiya"? Sai ya haɗiye, ya ci gaba.

Idan akwai mai shakkar cewa kallon allo na iya raunata mutum, to ya dubi abin da ya faru a Nairobi. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya ba wani kamfani mai suna Sama kwantiragin tace abubuwan da ake wallafawa a harsunan Afirka, har da Hausa. Aikin ma'aikatan shi ne su wuni suna kallon abin da ni da ku ba za mu iya kallo na minti ɗaya ba: yankan rago, fyaɗe, cin zarafin yara, mutane na kashe kansu, domin su goge kafin ya iso wayoyinmu. A 2022 mujallar TIME ta bankaɗo cewa wasunsu dala ɗaya da rabi ake biyansu a awa. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Daniel Motaung, wanda aka kora bayan ya yi yunƙurin haɗa kan ma'aikata, ya kai ƙara a shekarar. A 2023 aka sallami ma'aikatan, fiye da 180 suka garzaya kotu. Meta ya ce shi ba a Kenya yake ba, kuma ba shi ya ɗauke su ba, amma a watan Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce za a iya tuhumarsa a can. A ƙarshen wannan shekarar aka gabatar wa kotu sakamakon gwajin da shugaban sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Kenyatta ya yi: fiye da mutum 140 na ɗauke da ciwon firgicin da ke bin wanda ya ga bala'i, irin wanda ake samu a wurin sojan da ya dawo daga fagen daga. Daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai 'yar Najeriya, Kauna Malgwi, wadda daga baya ta jagoranci reshen Najeriya na ƙungiyar masu wannan sana'a, har TIME ta saka ta cikin mutum 100 masu tasiri a fannin ƙirƙirarriyar basira a 2024. A Amurka kuwa tun 2020 Facebook ya amince ya biya masu irin wannan aiki diyyar dala miliyan 52. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ku lura da abu guda: waɗancan na Nairobi a ofis suke, kowa na da na kusa da shi da zai dafa masa kafaɗa, amma duk da haka ga abin da ya same su. To ina ga wanda aka turo wa irin wannan rubutu ko bidiyo yana zaune shi kaɗai a ɗaki a Agege da ƙarfe ɗaya na dare, an kuma sa shi ya sa hannu cewa ba zai gaya wa kowa abin da yake gani ba, ko da matarsa ce?

Kamfanoni sun san da matsalar, shi ya sa suka ƙirƙiro maganin da ba ya cin musu ko kwabo. Sai a kira taron awa ɗaya a Zoom a koya wa mutane yadda ake jan numfashi, ko a turo saƙo mai hoton fure cewa "lafiyarku ce a gabanmu", ƙarfe sha ɗaya na dare kuma a turo aikin da ake so kafin asuba. Wannan rainin hankali ne. Mutumin da albashinsa ya makara wata biyu, babu irin numfashin da zai ja hankalinsa ya kwanta. Abin da ke kare ƙwaƙwalwar ma'aikaci sananne ne, kuma kuɗi yake ci: a yanka masa lokacin tashi a rubuce, a ba shi ranar hutu da ba za a neme shi ba, a biya shi kan kari, a ɗauki nauyin wuta da data, inshorarsa ta haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa na gaske wanda ba zai kai rahotonsa ga shugaba ba, sannan a samu ɗan'adam mai suna da lambar waya da zai saurare shi kafin a rufe masa asusu. Faransa ta sa dokar 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki tun watan Janairun 2017, Ostireliya ta bi sahu a 2024. Kamfanin da ke mutunta wannan doka a ƙasarsa, in ya iso kan ɗan Najeriya sai ya manta da ita.

To amma kada mu cika nuna Turawa da yatsa, domin sauran yatsun mu suke kallo. Mu ma yanzu iyayen gida ne a wannan harka. Alhaji mai shagon atamfa da leshi, Hajiya mai sayar da turaren wuta da kayan mata ta Instagram, mai kamfanin aika kaya zuwa Kano da Kaduna, kusan kowa ya ɗauki yarinya ko yaro "mai riƙe masa shafi". Albashin sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Da wayarta take aikin, da datarta. Kwastoma ya turo saƙo ƙarfe sha biyu na dare, in ba ta amsa ba da safe a wanke ta tas a cikin rukunin WhatsApp a gaban kowa. Ita ke shan zagin wanda kayansa suka makara, ita ke shan maganganun banza daga mazan da ba sayayya ta kawo su ba. Babu Juma'a, babu Lahadi, ranar Sallah ma ita ce ranar da ciniki ya fi zafi. In ta ce ta gaji, sai a ce "ke da kike kwance a ɗakinku?" Ranka ya daɗe, da yaron shagonka ne za ka iya tsare shi a bakin kanta har ƙarfe ɗaya na dare kullum? Kunyar idon mutane ma ba za ta bar ka ba. Don dai wannan ba a ganin ta ne.

Kuma ga waɗanda ke ganin wannan duk tausayi ne kawai, a'a, akwai doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, a sashe na 8, ta lissafa matsin ƙwaƙwalwa cikin raunukan da ake biyan diyya a kansu, idan likita ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo shi, ko an ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Dokar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF. A watan Janairun 2023 kuma marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana a nuna wa mai wannan larura wariya a wurin aiki. Dabarar da ake yi don kauce wa duk wannan ita ce a ce yaron ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwantiragi ne mai cin gashin kansa. Mai cin gashin kansa da kai ke yanka masa lokacin farawa, kai ke ƙirga masa minti, kai ke korar sa? Wannan suna ne kawai aka canja wa tuwo.

Mun san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce aikin ma samu ne, dubban masu digiri na yawo da takardu. Za su ce iyayenmu sun zo ƙasar nan da fataucin goro da shanu, sun kwana a tasha, sun ɗauki kaya a ka, ba wanda ya ce yana da ciwon damuwa. Gaskiya ne sun sha wuya. Amma a tuna yadda zango yake. Baƙo in ya sauka a Sabon Ibadan ko Agege, a hannun maigida yake sauka. Maigida zai ba shi makwanci, ya ci da shi, ya tsaya masa a ciniki, in ya kwanta ciwo ya nema masa magani, in ya rasu ya yi masa sutura. Da dare akwai majalisa, akwai hira, akwai wanda zai lura cewa wane yau bai ci abinci ba. Wahalar jiki ce a cikin jama'a. 'Ya'yanmu kuwa an ba su wahalar, an cire musu maigidan, an cire majalisar. Wanda ya ce su yi haƙuri kamar iyayensu, to ya fara mayar musu da abin da iyayensu suka jingina da shi.

A nan ne laifinmu na cikin gida yake fitowa. Da zarar an ji yaro na karɓar dala, shi ke nan ya zama rijiyar unguwa. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin kaka a Katsina, gudummawar bikin 'yar kawu, duk a kansa. Ba wanda ke tambaya ko aikin na dindindin ne ko na wata uku. Ya rasa bakin da zai ce wannan watan ba a biya shi ba, don kada a ce ya fara rowa. Wani lokacin ma ga zargi a kai: duk saurayin da ya kwana a gaban kwamfuta sai a fara raɗe-raɗin ko ɗan damfara ne, a hanya kuma jami'in tsaro ya ga jakar kwamfuta ya tsayar da shi. Matan aure nasu ya fi muni. Tunda tana gida, girki nata, wanki nata, raino nata, baƙi nata, sannan ta zauna ta cika awa takwas na kamfani bayan kowa ya kwanta. Maigida na murna da abin da ke shigowa, amma bai taɓa ɗaukar yaro na awa ɗaya don ta runtsa ba.

Idan abin ya fara bayyana, yaro ya daina cin abinci, yana kuka ba dalili, yana firgita cikin barci, ko ya koma shan ƙwayoyi don ya iya tsayuwar dare, sai mu raba shi gida biyu: ko rashin tawakkali, ko iska. Addu'a makami ce, ba mu da ja a kan haka. Amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a ne a kan hanyar zuwa wurin mai ɗori, ba ma ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya na nan a Yaba, ga na Aro a Abeokuta, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Sai dai mun mayar da sunan Yaba abin tsokana, har wanda ke buƙatar zuwa ya gwammace ya mutu a ɗaki da a gan shi a bakin ƙofar. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum ficewa suke yi. Wannan ma ya isa ya sa mu tare abin tun daga tushe, domin in an bari ya yi nisa layin ganin likita dogo ne.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da limamai su taɓo wannan batu a wa'azi, su kira haƙƙin ma'aikacin da ba a gani da sunansa. Iyaye, idan ɗanku ya yi aikin dare, ku bar shi ya yi barcin safe ba tare da an tashe shi aiken kasuwa ba, ku kuma riƙa jawo shi cin abinci tare da mutane ko sau ɗaya ne a rana. Matasa masu wannan sana'a, ku san juna, ku riƙa haɗuwa ido da ido, ku adana takardar yarjejeniyarku da hoton duk wani saƙon aiki da aka turo muku a tsakar dare, domin ranar da za a je gaban lauya ko kotun ma'aikata su za a tambaya.

Ku kuma 'yan kasuwarmu masu yara a kan shafi, naku ba ya buƙatar jiran majalisa ko wata doka daga Abuja. Ku zauna da su a wannan makon ku rubuta ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa, wace rana ce ta hutu, nawa ne kuɗin data a wata. A saka saƙo a shafin cewa duk wanda ya turo magana bayan ƙarfe takwas na dare za a amsa masa da safe. Wanda cinikinsa ya kai a kwana ana amsawa, ya ɗauki mutum na biyu ya biya shi kuɗin dare.